Raba daidai a aikin gwamnati: inda ƙananan ƙabilu ke ɓacewa a lissafi

A takarda, rabon guraben aikin gwamnatin tarayya a Najeriya lissafi ne mai sauƙi. Kowace jiha daga cikin 36 tana da kashi 2.75 cikin 100 na ma'aikatan kowace hukuma. Idan aka tara ya ba da 99, ragowar kashi 1 kuma na 'yan asalin Abuja ne. An bar ɗan sarari, cewa kada jiha ta gaza kashi 2.5, kada kuma ta haura kashi 3. Hukumar da ke da ma'aikata 2,000 a hedikwatarta ke nan ana sa ran ta nuna mutum 55 daga kowace jiha, kada su gaza 50, kada su wuce 60, sai 20 daga Abuja.

Abin da lissafin bai tambaya ba shi ne su wane ne waɗannan 55 ɗin. Idan duk na Binuwai Tibi ne, babu Idoma babu Igede, kason jihar ya cika. Idan na Bauchi babu Basayi ko ɗaya daga Bogoro, na Kabbi babu ɗan ƙasar Zuru, na Borno babu Babur ko Margi ko Kibaku, jadawalin zai fito tsaf. Ma'aunin jiha yake gani, ƙaramar ƙabila kuwa a cikin jiha take zaune, don haka a cikin kason jihar take nitsewa. Wannan shi ne babban giɓin tsarin raba daidai, kuma yawancin sauran matsalolin daga nan suka yi reshe.

Yadda aka zo nan

Tsoron danniya ya girmi 'yancin kai. A 1957 Turawan mulkin mallaka suka kafa kwamiti ƙarƙashin Sir Henry Willink domin ya saurari koken ƙananan ƙabilu a jihohi ukun wancan lokaci, Arewa da Gabas da Yamma. Da yawa sun nemi a yankar musu jihohinsu. Rahoton da ya fito a 1958 bai goyi bayan haka ba. Ya ce a sa haƙƙoƙin ɗan Adam a kundin tsarin mulki, a kuma ba yankin Neja Delta kulawa ta musamman. A daidai wannan zamani ne gwamnatin Sardauna ke tafiyar da manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnatin Jihar Arewa, aka kuma shigo da kaso a ɗaukar soja: rabi ga Arewa, rubu'i ga Gabas, rubu'i ga Yamma.

Tun daga tushe ke nan, kaso ya taso ne domin daidaita manyan ɓangarori, musamman ratar ilimin boko tsakanin Kudu da Arewa. Maganin kukan ƙananan ƙabilu kuwa an ɗauka ƙirƙiro jihohi ne: 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Sai dai duk jihar da aka yanka tana zuwa da nata manya da nata ƙanana. Tibi da suke ƙaramar ƙabila a tsohuwar Jihar Arewa su ne masu rinjaye a Binuwai. Igala da ke bayan Tibi a Binuwai su suka koma gaba da aka yi Kogi a 1991, Igbira da Okun suka gaji ƙorafin.

Janar Murtala Muhammad ne ya ɗaga maganar raba daidai a jawabinsa na ƙaddamar da kwamitin tsara kundin tsarin mulki a watan Oktoban 1975, ta kuma shiga kundin 1979. Hukumar Raba Daidai ita kanta sai a 1996 aka kafa ta da dokar soja mai lamba 34, zamanin Janar Abacha, kundin 1999 ya tabbatar da ita a sashe na 153. Tana da shugaba da kwamishinoni 37, ɗaya daga kowace jiha da Abuja.

Akwai abin lura a sashe na 14(3) na kundin 1999. Bai tsaya ga jihohi ba. Cewa ya yi kada mutanen wasu 'yan jihohi, ko na wasu 'yan ƙabilu ko ɓangarori, su mamaye gwamnati ko hukumominta. Sashe na 14(4) ya ɗora irin wannan nauyi a kan gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi. Da aka zo mayar da wannan magana zuwa lamba, sai aka riƙe jiha aka saki ƙabila. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ƙasar tana da ƙabilu sama da 250, kuma ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ko addini ba, saboda haka babu adadin da kowa zai yarda a auna da shi. Ga kuma wani tarnaƙi. Sashe na 14 yana babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta shi kai tsaye. Wanda ake iya zuwa kotu da shi shi ne sashe na 42, mai haramta wariya saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, amma ƙaramin sashensa na uku ya bar ƙofa ga dokokin da ke gindaya sharuɗɗan naɗi a muƙaman gwamnati da soja da 'yan sanda.

Hanyar da ɗaukar ma'aikata ya kamata ya bi

Hukumar da ke son ɗaukar ma'aikata tana farawa ne da amincewar ofishin Shugaban Ma'aikata na Tarayya kan yawan guraben, da shaidar ofishin kasafin kuɗi cewa akwai kuɗin albashinsu. Daga nan ta kai wa Hukumar Raba Daidai jerin sunayen duk ma'aikatanta, kowa da jiharsa da ƙaramar hukumarsa da matakin albashinsa. Daga wannan jerin ake fitar da jadawalin da ke nuna jihar da ta yi rara da wadda take bin bashi. Nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Idan guraben 100 ne, ba za a ba kowace jiha uku-uku ba. Jihar da ya kamata tana da 55 amma 30 gare ta tana bin 25, ita za a fara biya, wadda ta riga ta kai 70 kuma tana iya tashi ba ko ɗaya a wannan zagaye. In guraben ba su isa zagaya jihohi ba sai a raba bisa shiyyoyi shida, in biyu ne rak, ɗaya Arewa ɗaya Kudu.

Sai talla. Ƙa'ida ta ce a buga a jaridu aƙalla biyu da ke zagaya ƙasa, a ba masu nema mako shida. Bayan jarrabawa da ganawa, ana jera waɗanda suka yi nasara jiha-jiha bisa maki, wato ɗan Jigawa da ɗan Jigawa yake gasa a kan gurbin Jigawa, matuƙar ya cika mafi ƙarancin sharaɗin aikin. Idan jiha ba ta da wanda ya cancanta, gurbin ya koma ga 'yan shiyyarta. Hukumar Raba Daidai za ta duba jerin ƙarshe ta ba da takardar shaidar bin ƙa'ida, sannan a raba takardun ɗaukar aiki, a shigar da mutane tsarin biyan albashi na IPPIS.

Ga ƙananan ma'aikata, daga mataki na 06 zuwa ƙasa, a ofisoshin reshe, ƙa'idar ta ce aƙalla kashi 75 su fito daga yankin da ofishin yake. Wannan tanadi shi ne ya fi kusa da amfanar ƙaramar ƙabilar da aka gina asibitin tarayya ko kwaleji a ƙasarta. Amma tun gyaran aikin gwamnati na zamanin Obasanjo aka miƙa yawancin ayyukan shara da gadi ga 'yan kwangila, kuma ma'aikacin ɗan kwangila ba ya cikin jerin da hukumar ke dubawa.

Inda ake kauce hanya

Babbar ƙofar baya ita ce neman a yafe talla. An yi tanadin ne domin larura, kamar a ce likitoci sun bar asibiti ana buƙatar maye gurbinsu da gaggawa. A aikace ya zama hanyar yau da kullum. Hukuma ta ce cike gurbi kawai take yi, ta samu sassauci, sai a raba guraben tsakanin shugabanninta da 'yan majalisar da ke sa ido a kanta da sauran shafaffu da mai. Hujjar da aka saba kawowa ita ce talla tana jawo turmutsitsi, ana tuno da 15 ga Maris 2014, ranar da mutane suka mutu a filayen wasa wajen jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice, bayan sama da mutum rabin miliyan sun biya Naira 1,000 kowannensu a kan guraben da ba su kai 5,000 ba. Hujjar ba ta da ƙarfi. Abin da ya kashe mutane ranar shi ne tara su wuri ɗaya a rana ɗaya ba tsari, kuma jarrabawar kwamfuta rukuni-rukuni ta riga ta magance wannan.

Ɗaukar aiki a ɓoye yana iya cika lissafin jihohi daidai wa daida, domin kowane babba yana da yara daga jihohi daban-daban. Amma wa zai ji labari? Wanda yake da uwa a gindin murhu. Ƙabilar da ba ta da darakta, ba ta da sanata, ba ta da babban sakatare, ba ta da wanda zai rubuta sunan ɗanta, kuma rashin ɗauka a bana shi ne rashin darakta nan da shekara ashirin. Kwamitin Majalisar Wakilai da Yusuf Gagdi ya jagoranta a 2023 ya saurari shaidu a kan yawan yafe talla da kuma sayar da guraben aiki, har da zargin da ya taɓa cikin Hukumar Raba Daidai ɗin kanta. Hukuncin da dokar hukumar ta tanada wa mutum, tarar Naira 50,000 ko ɗaurin wata shida, lissafin 1996 ne, ba ya razana wanda ke sayar da gurbi ɗaya a kan miliyoyi.

Akwai kuma matsalar da ke cikin ginin hukumar. Kowane kwamishina wakilin jiha ne, kuma a siyasance ya samu kujerar. Aikinsa da jama'arsa ke auna shi da shi shi ne nawa ya samo wa jiha. Babu wanda aikinsa shi ne ya tambayi yadda aka raba abin da aka samo.

Takardar shaidar asali

Duk wannan gini a kan takarda ɗaya yake tsaye, wadda ake kira takardar indijin, kuma ƙaramar hukuma ce ke bayar da ita. Ƙa'idojin Hukumar Raba Daidai sun ce ɗan asalin ƙaramar hukuma shi ne wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan asalinta ne, ko wanda ƙaramar hukumar ta karɓa a matsayin nata, kuma ba a yarda mutum ya yi iƙirarin wuri biyu ba. A duba da kyau, bayanin zagaye yake yi. Bai faɗi shekarar da ake farawa daga ita ba, bai faɗi tsawon zaman da ke mayar da baƙo ɗan gari ba. Hukuncin ya rage ga mai unguwa da dagaci da hakimi da shugaban ƙaramar hukuma.

Wannan ya samar da 'yan ƙasa iri uku. Akwai wanda takardarsa ke fitowa a yini ɗaya. Akwai wanda sai ya yi tattaki zuwa garin da kakansa ya baro, inda ba wanda ya san shi, kamar Bahaushen da aka haifa a Sabo ta Ibadan ko Agege, ko Ibon da aka haifi ubansa a Sabon Garin Kano. Sai wanda ba shi da inda zai je sam, domin inda yake an ce baƙo ne, inda aka ce ya fito kuma babu mai shaidarsa. Jikokin waɗanda suka zo haƙar kuza a Jos da 'ya'yan Fulani makiyaya da yawa a nan suke. Mutum irin wannan bai faɗi jarrabawa ba, ba a ma bar shi ya cike fam ba, don haka ba zai taɓa bayyana a cikin kowace ƙididdigar wariya ba.

Ta ɗaya gefen kuma takardar ta zama haja. Da zarar an san jihar da ke bin bashi mai yawa a wata hukuma, takardar ƙananan hukumominta ta yi daraja, sai ka ga wanda bai taɓa kwana a wurin ba ya cinye gurbin. 'Yan asalin Abuja, Gwari da Koro da Gade da Gwandara da Basa da sauransu, sun daɗe suna wannan kuka a kan kashi ɗayansu. Maganin ba mai tsada ba ne: a liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka a sakatariyar ƙaramar hukumar da suka ce tasu ce, a karanta a rediyon jiha, a ba da mako biyu na ƙorafi kafin a ba da takardar aiki. Mutanen gari sun san 'ya'yansu.

Jihohi ma ba su tsira ba, kuma su suka fi tarayya yawan ma'aikata idan aka haɗa malaman makaranta da ma'aikatan lafiya. A jihohi da dama wanda ba ɗan asali ba aikin kwantiragi ake ba shi, ba fansho. A 2011 gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatanta da ba 'yan asalin jihar ba, ta ce su koma jihohinsu, kuma akasarinsu Ibo ne 'yan uwan masu sallamar.

Mata da masu buƙata ta musamman

Matar aure, bisa ƙa'idar Hukumar Raba Daidai, tana ci gaba da zama 'yar jihar mahaifinta a rabon muƙaman tarayya. Wadda ta yi aure a wata jiha ta yi dukan aikinta a can tana iya rasa duka biyun, can a ce ba tasu ba ce, gida a ce ta tafi. A watan Nuwamban 2012 an dakatar da rantsar da Mai shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda 'yar asalin Anambra ce amma a kason Abiya, jihar mijinta inda take alƙalanci, aka kawo sunanta. An rantsar da ita daga baya, bayan an sha cece-kuce. Manufar ƙasa ta 2006 ta ware wa mata kashi 35 na muƙamai, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta aiwatar a watan Afrilun 2022, amma jadawalin kashi 2.75 ba shi da layin jinsi.

Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce hukumomin gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 na ayyuka, amma ta haɗa da cewa gwargwadon iko, kuma a nan ake fakewa. Guraben 200 na nufin mutum 10. Ba a kaiwa ga goman nan idan zauren jarrabawa yana hawa na biyu ba hanyar keke, kwamfutar ba ta da manhajar da ke karanta wa makaho rubutu, babu ƙarin lokaci, babu mai fassara wa kurma a wajen ganawa. Waɗannan abubuwa a fam ɗin nema ya kamata a tambaye su, a tanade su kafin ranar. Wa'adin shekara biyar da dokar ta bayar na gyara gine-gine ya cika tun Janairun 2024.

Shirye-shiryen samar da aiki na wucin gadi

A nan ne talaka ya fi haɗuwa da gwamnati, kuma a nan sa ido ya fi rauni, domin waɗanda ake ɗauka ba ma'aikata ba ne na dindindin, ba sa shiga jerin da aka ambata a sama.

N-Power, da aka fara a 2016, ya ɗauki masu digiri da makamantansu 200,000 a rukunin farko da 300,000 a na biyu, 'yan shekara 18 zuwa 35, a kan Naira 30,000 a wata. Ta intanet ake nema, ta intanet ake jarrabawa, ta banki ake biya. Wannan ya rage hannun 'yan siyasa a matakin farko, kuma abin yabo ne. Amma ya kafa wata sabuwar ƙofa. Wanda garinsa ba sabis, ba banki, ba shagon kwamfuta, sai ya biya kuɗin mota da kuɗin mai shago kafin ya nema. Bambancin harafi ɗaya tsakanin sunan da ke kan lambar shaidar banki ta BVN da na takardar makaranta yana iya tsayar da biya na watanni, kuma sunayen ƙananan harsuna, da kowane magatakarda ke rubutawa yadda kunnensa ya ji, su suka fi faɗawa wannan rami.

Shirin ayyuka 774,000 da hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, ta gudanar tsakanin 2020 da 2021 ya ɗauki wata hanyar daban: mutum 1,000 daga kowace ƙaramar hukuma, Naira 20,000 a wata, na wata uku, a kan kasafin Naira biliyan 52. Ta fuskar yawan jama'a rabon ya karkace. Kano mai ƙananan hukumomi 44 ta samu 44,000, Legas mai 20 ta samu 20,000 duk da ƙidayar 2006 ta nuna su kusan kunnen doki, Bayelsa ta samu 8,000. Ta fuskar ƙananan ƙabilu kuwa, ma'aunin ƙaramar hukuma ya fi na jiha adalci nesa ba kusa ba, domin Bogoro da Zuru da Ɓilliri da Chibok kowace ta samu dubunta ba tare da ta roƙi babban birnin jiha ba. Inda abin ya yi rauni shi ne zaɓen mutanen. An damƙa shi ga kwamitin mutum 20 a kowace jiha, kuma tun kafin a fara aka yi sa-in-sa a bainar jama'a tsakanin ƙaramin ministan ƙwadago Festus Keyamo da 'yan Majalisar Tarayya a kan wa ke da iko da jerin sunayen.

Aikin share kwata da cike ramukan hanya ba ya buƙatar gasar cancanta. Duk wanda ya cika sharaɗi daidai yake da ɗan uwansa, saboda haka ba wani dalilin barin zaɓe a hannun kwamiti. A raba dubun bisa mazaɓun kansila, mazaɓa goma kowace 100, a yi rajista a makarantar firamaren mazaɓar na kwanaki sanannu, da sharaɗin zama a wurin maimakon takardar asali, a ware kason mata da na masu buƙata ta musamman tun farko, sannan a jefa ƙuri'a a gaban jama'a. Rugage da unguwannin baƙi sai an kai musu sanarwa takanas, a harshen da suke ji.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin al'amari ne ya tuna Jos. A 2001 naɗa Alhaji Mukhtar Muhammad jami'in shirin yaƙi da talauci na NAPEP a Jos ta Arewa ya tayar da jayayya mai zafi a kan ko ɗan asali ne, kuma tana cikin abubuwan da suka rura wutar rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba, wanda ya ci rayuka kusan 1,000. Ba shi kaɗai ne sababi ba, amma kowane ɓangare ya fahimci cewa mai riƙe da jerin sunaye shi ke yanke wa zai ci.

Yadda ake gane wariya da lamba

Duba jerin ƙarshe kaɗai ba ya nuna inda aka zubar da mutane. Sai an ƙirga a kowane mataki: nawa suka nema, nawa aka kira jarrabawa, nawa suka zo, nawa suka ci, nawa suka tsallake ganawa, nawa suka kama aiki, kuma kowane adadi a rarraba shi bisa ƙaramar hukuma da jinsi da naƙasa. Tun da ƙananan ƙabilu da yawa suna tattare ne a sanannun ƙananan hukumomi, wannan ya isa ya nuna hoton ba tare da an tambayi kowa ƙabilarsa ba.

Hukumomin Amurka sun fito da wani ma'auni mai sauƙi a 1978 da zai yi aiki a nan. Idan rabon nasarar wani rukuni bai kai huɗu bisa biyar na rukunin da ya fi kowa nasara ba, akwai abin bincike. A ce mutum 1,000 daga shiyyar sanata ɗaya sun nema 200 sun wuce, kashi 20 ke nan. Daga wata shiyyar 150 sun nema 18 sun wuce, kashi 12. A raba 12 da 20, ya ba da 0.6, ƙasa da 0.8. Wannan bai tabbatar da mugun nufi ba. Yana cewa ne a je a duba matakin. Wataƙila cibiyar jarrabawa ɗaya ce a babban birnin jiha, saƙon gayyata kuma ya iso ana gobe. Wataƙila iyakar shekaru ce ke yanke waɗanda rikici ko yajin aiki ya jinkirta wa karatu. Wataƙila ganawar baki ce aka ba maki mai yawa, wadda ita ce matakin da son kai ya fi samun wuri. Gyaranta sananne ne: tambayoyi iri ɗaya ga kowa, kowane mai tantancewa ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin a tattauna, kuma kada makin ganawa ya rinjayi na rubutacciyar jarrabawa.

Dole kuma a ƙirga mataki-mataki na albashi. Al'ummar da ke da direbobi da masinjoji 40 amma ba ta da kowa daga mataki na 15 zuwa sama ta cika adadi, ba ta da murya.

Masu sukar tsarin suna cewa yana kashe cancanta, kuma ba a banza suke faɗa ba. Wanda ya ci 75 ya rasa, wanda ya ci 55 daga wata jiha ya samu, dole ya ji ciwo. Amma amsar tana wajen inda aka sa ƙasan maki. Idan aikin yana buƙatar 60, to 60 ne ga kowa, a yi raba daidai a tsakanin waɗanda suka haye. Gurbin da ba a samu mai cika shi ba, maimakon a miƙa wa maƙwabta nan take, ana iya riƙe shi zuwa zagaye na gaba kamar yadda Indiya ke yi da guraben da ta keɓe, a yi amfani da tazarar wajen nemo masu takarda daga yankin ta makarantunsu da ƙungiyoyin ci gaban garuruwansu. Mafi yawan rashin cancantar da ake gani a ofisoshi ma daga ɗaukar ɓoye yake fitowa, inda ba a yi jarrabawar ba balle a yi maganar maki.

Mai neman aikin da yake ganin an zalunce shi yana da 'yan hanyoyi, kuma dukansu takarda suke so. Ya adana hoton tallar da ranarta, da takardar rajistarsa, da saƙon gayyata, da makinsa in an nuna. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba shi damar rubuta wa hukumar ya nemi jerin waɗanda aka ɗauka daga jiharsa da ƙananan hukumominsu, kuma kwana bakwai doka ta ba ta ta amsa. Ƙungiyar gari ta fi mutum ɗaya ƙarfi a wannan, domin ita ce za ta iya nuna cewa shekara da shekaru ba a ɗauki kowa daga yankin ba. Ana kai ƙorafi ofishin Hukumar Raba Daidai na jiha, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a wadda ba ta karɓar ko sisi, ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da sashe na 254C ya ba hurumin shari'ar wariya a wurin aiki. Maganar sayar da gurbi kuwa ta hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ce, kuma mai saye ma ya shiga laifi. Sau da yawa takardar da ya saya ɗin ta bogi ce: a 2022 ofishin Shugabar Ma'aikata ta Tarayya ya sanar da gano sama da mutum 1,500 da ke aiki da takardun ɗauka na jabu.